Littafin da ya ƙago wa manyan gidajen Jamus kakanni: shin tsofaffin littattafan sulke da tambura abin dogaro ne?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna wani littafi da aka buga a ƙasar Jamus a 1530, a wani ƙaramin gari mai suna Simmern. Wanda ya rubuta shi, Georg Rüxner, sankira ne, cikin mutanen da aikinsu shi ne sanin tamburan manyan gidaje, wato alamomin gado da ake zanawa a garkuwa, da shelar sunayen barade a filin gasa. Littafin ya jero gasar barade 36 da ya ce an yi a Jamus, daga ta farko a Magdeburg a 938 har ta ƙarshe a Worms a 1487. Kowace gasa ya kawo sunayen waɗanda suka hau, gida-gida.

To, masana tarihi sun daɗe da tabbatar da cewa 14 na farko ba a taɓa yin su ba, shi ya ƙaga su. Sarki Heinrich na ɗaya da aka jingina wa gasar 938 ya riga ya rasu tun 936. A gabatarwar littafin Rüxner ya ce daga wani tsohon kundi ya kwafo, wanda ke hannun wani limamin coci a Magdeburg, kuma wai da aka gama kwafa sai mai kundin ya jefa shi a wuta. Ka ga ke nan babu mai iya cewa a kawo asali a gani.

Duk da haka manyan ɗakunan karatu na Turai suna tattalin wannan littafi, masu tara tsofaffin littattafai kuma suna rububinsa a wurin gwanjo. Ga ra'ayina: littattafan tamburan manyan gidaje kirari ne aka zuba a takarda, mai kuɗi da mai iko ake yi wa. Littattafan sulke sun fi su gaskiya nesa ba kusa ba, domin ƙarfen da aka zana yana nan, ana iya zuwa a gwada. Mai ja ya fito.

Barista Murtala:
Wa alaikumus salam Malam. Ban ja da kai a kan cewa Rüxner ya yi ƙarya ba, amma ina ja da kiran littafin kirari kawai. Ƙaryar nan aiki ta yi, aikin shari'a ma kuwa.

Tsakanin 1479 da 1487 ƙungiyoyin barade na yankuna huɗu, Swabia da Franconia da Bavaria da bakin kogin Rhine, sun shirya manyan gasa, suka kafa ƙa'idar cewa ba mai shiga fili sai ya nuna shi ɗan asali ne kuma magabatansa sun taɓa hawa. Me ya kawo wannan tsanani? Attajiran birane irin su Augsburg da Nuremberg sun yi kuɗin da za su sayi doki da sulken da ya fi na ɗan sarauta, har su sayi gona da ganuwa. Abin da kuɗi ba ya saya shi ne kaka. Sai tsofaffin gidaje suka mayar da kaka ya zama ƙofa. Haka kuma kujerun manyan majami'u masu albashi mai tsoka, sai mutum ya kawo shaidar kakanni huɗu, wani wuri takwas, daga baya har 16, duk 'yan asali.

Yanzu ka duba: ga littafi bugagge, mai kauri, mai hotuna, ya ce kakanka ya hau a gasar ƙarni na 10. Wane gida ne zai ƙi? Shi ya sa aka yi ta sake buga shi, har da bugun Frankfurt na 1566 wanda Sigmund Feyerabend ya fitar da hotunan Jost Amman. Marubutan tarihin gidaje suka yi ta kwafa daga ciki. Ni abin da nake cewa, kada ka karanta shi don sanin 938. Karanta shi don sanin 1530: waɗanne gidaje ne ke bukatar tsufa, wa aka sa a gaba, wa aka bari a baya. A nan shaida ce mai ƙarfi.

Zainabu:
Sannunku da ƙoƙari iyayenmu. Tambaya gare ni. Idan babu gasa a 938, su tamburan kansu yaushe aka fara su? Ina nufin irin na garkuwa mai zaki ko gaggafa da ɗa ke gada wurin uba.

Dakta Bashir:
Ƙanwata, sai wajen tsakiyar ƙarni na 12, a arewacin Faransa da Ingila da yankunan da ke kusa. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Geoffrey na Anjou, wanda ya rasu a 1151. Akwai hotonsa a kan farantin jan ƙarfe a birnin Le Mans, yana riƙe da shuɗiyar garkuwa mai zakoki na zinariya, kuma an ga irin wannan garkuwa a kabarin jikansa a Salisbury. Wato alamar ta bi jini. Kafin lokacin mayaƙa na yi wa garkuwa ado, amma ba alama ce tsayayya ta gida ba.

Ana yawan cewa kwalkwali mai rufe fuska ne ya haifar da abin, don a gane mutum a fagen fama. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ni na fi ganin hatimi da filin gasa ne suka raya shi. Mutumin da bai iya rubuta sunansa ba yana buga hatiminsa a takardar gona, kowa ya gane.

Kuma abin na da ƙa'ida. Launuka bakwai ne ginshiƙi: zinariya da azurfa, waɗanda ake kira ƙarafa, sai ja, shuɗi, baƙi, kore da shunayya. Ba a ɗora ƙarfe kan ƙarfe, ba a ɗora launi kan launi, domin a hango daga nesa. Saboda haka duk littafin da ya ba mutumin ƙarni na 10 tambari mai bin wannan ƙa'ida, ya tona kansa da kansa.

Malam Habibu:
Dakta ai ka ƙara mini ƙarfi. Kuma ba Rüxner kaɗai ba ne. Ka gaya musu abin da ke cikin littafin Konstanz.

Dakta Bashir:
Zan faɗa Malam, amma ba duka zai yi maka daɗi ba. Daga 1414 zuwa 1418 an yi babban taron coci a Konstanz, domin a lokacin mutum uku ne kowa ke cewa shi ne Paparoma. A wurin ne aka ƙone Jan Hus, malamin da ke sukar shugabannin coci, a 1415, aka zaɓi Martin na biyar ya zama Paparoma a 1417. Wani ɗan garin, Ulrich Richental, ya rubuta abin da ya gani: shigowar manyan baƙi, farashin burodi da kifi, masu gashin burodi da suka zo da tanda a kan amalanke. Baƙin nan kowa yakan rataya tambarinsa a ƙofar masaukinsa, shi kuma ya bi yana tattarawa.

A 1483 Anton Sorg ya buga littafin a Augsburg, da tambura sama da 1,000 da aka sassaƙa a katako. Shi ake ɗauka a matsayin kundin tambura na farko da ya fito daga maɗaba'a. Abin da Malam ke nufi shi ne, a ciki akwai tamburan sarakunan ƙasashe masu nisa na Asiya da Afirka waɗanda ba su taɓa sanin an yi musu tambari ba, har da Prester John, sarkin Kirista na almara da Turawa suka yi ta nema. Gaskiya ne. A tunanin mutanen lokacin ba a sarki babu tambari, don haka suka yi wa Iskandar da Julius Kaisar da Sarki Arthur nasu.

Amma fa a littafin nan ɗaya, tamburan bishop-bishop da ƙananan barade na kewayen tafkin Konstanz, waɗanda ya gani da idonsa, ana gwada su da hatimai na zamanin. Saboda haka ba a yi wa littafin hukunci ɗaya. Shafi-shafi ake bi, a tambayi kowane: wannan gani ya yi ko ji?

Baba Ilu:
Salamu alaikum. Malam Habibu, ina bin ku tun ɗazu, kuma kalmar kirari da ka yi amfani da ita ta tsaya mini. Mu nan Damagaram mun tashi muna jin maroƙan fada suna jero kakannin sarki da na hakimai. Maroƙi yana ƙara gishiri, ba mai musu. Amma a gaban jama'a yake yi, kuma a cikin jama'ar akwai tsohon da ya san kakan da ake faɗa, akwai 'yan ɗaya ɗakin da ba za su yarda a ba wani abin da ba nasa ba. In ya wuce gona da iri, a ranar za a taka masa burki, ko a kira shi gefe. Wannan mutumin naku na Jamus ba wanda ya tsaya a gabansa. Ya rubuta a ɗaki, inji ya buga ɗaruruwa, littafi ya je garin da ba wanda ya san gidan. Kada ka haɗa shi da maroƙi, ka rage wa maroƙi daraja.

Barista Murtala:
Allah ya ƙara girma Baba, maganarka tana da shaida a Ingila ma. A 1385, lokacin da Sarki Richard na biyu ya kai yaƙi Scotland, barade biyu, Richard Scrope da Robert Grosvenor, suka tarar tambarinsu ɗaya: shuɗiyar garkuwa da zirin zinariya a karkace. Aka tafi kotun barade. Shari'ar ta kai 1390, kuma da me aka yi ta? Da bakin mutane. Ɗaruruwan shaidu, tsofaffin mayaƙa suna cewa na ga wannan garkuwa a yaƙi kaza, ubana ya gaya mini kaza, ga ta a tagar coci kaza. Har mawaƙi Geoffrey Chaucer ya ba da shaida a 1386. Scrope ya yi nasara. Bayan zuwan maɗaba'a sai nauyin ya fara komawa kan abin da ke rubuce, kuma wanda ya riga kai nasa wurin bugu ya riga kowa.

Sule Maƙeri:
Gaisuwa ga manya. Ni gidanmu ƙira muka gada, don haka ɓangaren sulken nake jira. Malam ya ce littafin sulke ya fi gaskiya. Wane littafi ne, kuma wa ya ƙera abin da ke ciki? Ina so in san ko masu zanen sun fahimci yadda ƙarfe ke haɗuwa, ko dai kyau kawai suka bi. Domin in ka ga hoton da gwiwa ba za ta lanƙwasu ba, ka san mai zanen bai taɓa riƙe abin ba.

Dakta Bashir:
Malam Sule, wanda ya fi shahara shi ne Armamentarium Heroicum, an buga shi a Innsbruck da Latin a 1601, da Jamusanci a 1603. Labarinsa ya fara da Yarima Ferdinand na biyu, mai mulkin yankin Tyrol, ɗan gidan Habsburg masu sarautar Ostiriya. A fadarsa ta Ambras ya ƙudiri tara sulken shahararrun mayaƙa, ba don kyansu kawai ba, don wanda ya sa su. Ya riƙa aika wasiƙu ga sarakuna da kwamandoji da magadansu yana roƙon a ba shi sulken da mutum ya shiga yaƙi da shi, da hotonsa, da tarihinsa. Sakatarensa Jakob Schrenck von Notzing shi ya riƙe wannan aiki, shi ya kuma kammala littafin bayan rasuwar Ferdinand a 1595.

Hotuna 125 ne, kowanne cikakken shafi, Dominicus Custos na Augsburg ya ƙwarzana su a jan ƙarfe bisa zanen Giovanni Battista Fontana. Kowane mutum yana tsaye sanye da sulkensa, a ɗaya shafin ga tarihinsa. Da yawa suna kiransa kundin gidan tarihi mai hotuna na farko da aka buga.

Amsar tambayarka: an zana su ne ana kallon kayan, kuma yawancin kayan suna nan. A 1806, da Tyrol ta fita hannun Ostiriya a yaƙe-yaƙen Napoleon, aka kwashe su zuwa Vienna, inda suke har yau. Masana suna ɗaukar shafin su tsaya gaban sulken su gwada, har sukan gane inda aka sauya wani ɓangare daga baya. Maƙeran kuwa su ne manyan zamanin: gidan Helmschmid na Augsburg, gidan Seusenhofer na Innsbruck, da maƙeran Milan. Cikakken sulken yaƙi yakan kai kilo 20 zuwa 25, amma nauyin a rarrabe yake a jiki, falle kan falle da ƙusoshi masu zamewa da maɗaurin fata, mutum na iya hawa doki da kansa.

Malam Habibu:
To kun ji. Wannan shi ne bambancin da nake faɗa. Ɗaya ya ce kundinsa ya ƙone, ɗaya ya ce ga kayan a ɗaki, zo ka gani.

Hajiya Rabi:
Malam, a yi hattara. Aikina kula da tsofaffin takardu ne, kuma abin da muke fara tambaya shi ne: wannan shaida, shaidar mene ce? Ɗauki kwalkwalin Skanderbeg, jarumin Albaniya da ya yi ta fafatawa da Daular Usmaniyya ta Turkawa, mai kan akuya a samansa. Yana cikin littafin 1601, yana Vienna yau. Littafin ya tabbatar da cewa a 1601 kwalkwalin yana Ambras kuma ana jingina shi ga Skanderbeg. Bai tabbatar da cewa ya taɓa hawa kansa ba, domin mutumin ya rasu a 1468, fiye da shekara 130 kafin bugun. Ƙarfe yana gaya maka inda aka ƙera shi da kusan lokacin. Ba ya gaya maka sunan wanda ya yi gumi a ciki. Sunan daga bakin mai bayarwa ko mai sayarwa ya fito, kuma yarima mai neman kayan jarumai da kuɗi a hannu, ba a rasa masu kawo masa.

Sannan shi ma Ferdinand yana da bukata. Ya sa kansa da danginsa na Habsburg a jerin jaruman. Ba ƙarya ya yi irin ta Rüxner ba, amma shi ya zaɓi wanda zai shiga.

Sule Maƙeri:
Hajiya na gode. Wannan maganar ƙwarzana hoto a ƙarfe, da kurfi ake yi ko yaya?

Hajiya Rabi:
Hanya biyu ce Malam Sule, kuma ta biyun daga wurinku ta fito. Ta farko, a sa ƙaramin kurfi mai kaifi a yanka layuka a farantin jan ƙarfe, a cusa tawada a ramukan, a goge saman, a danne takarda mai laima. Ita aka yi wa littafin Ambras. Ta biyu, a shafe ƙarfen da kakin da asid ba ya ci, a zana da allura, a zuba asid ya ci inda aka buɗe. Masu yi wa sulke ado ne ke amfani da wannan dabara. Wajen 1500 wani mai adon sulke a Augsburg, Daniel Hopfer, ya fara shafa wa irin wannan farantin tawada yana bugawa a takarda. Da baƙin ƙarfe ya yi, ba jan ƙarfe ba, domin shi ya saba da shi. Shahararren mai zane Albrecht Dürer ma ya gwada a baƙin ƙarfe tsakanin 1515 da 1518.

Baƙin ƙarfe kuwa yana tsatsa. Don haka in ka ga bugun Hopfer da ɗigo-ɗigon tsatsa a jiki, ka san an buga shi ne bayan farantin ya tsufa. A ƙarni na 17 wani mai buga hotuna a Nuremberg, David Funck, ya mallaki farantan ya sa musu lamba ya sake bugawa. Mai lamba na baya ne, marar lamba shi ake nema.

Zainabu:
Ni akwai abin da ke damuna a duk wannan fanni, kuma ban ji an taɓo shi ba. A 1565 an ba John Hawkins na Ingila tambari, bayan ya dawo daga kamo mutane a gaɓar Afirka ta Yamma ya sayar da su a yankunan Sifaniya na Amurka. Abin da aka ɗora a saman kwalkwalin tambarin shi ne baƙin mutum ɗaure da igiya. Hukumar tambura ta ƙasa ce ta ba shi, a matsayin girmamawa. Idan na ga ana yaba kyan waɗannan littattafai, sai in tuna wannan shi ma yana cikin abin da fannin ya ɗauka abin alfahari. Ban ce kada a karanta ba. Amma ba na son a karanta kamar ba mu a ciki.

Barista Murtala:
Zainabu, gaskiyarki, kuma ya kamata a faɗa. Bari in ƙara miki wani abu daga littafin St Albans na 1486, littafin Turanci na farko da aka buga da bayanin tambura, kuma na farko a Ingila da aka buga da launuka daga inji, ba da hannu ba. Kashi uku ne: farauta da shaho, farauta da karnuka, sai tambura. A kashin tamburan marubucin ya raba 'yan Adam biyu tun farko, masu asali da talakawa, ya kai rabon har kan 'ya'yan Annabi Nuhu. Abin lura shi ne, a wannan littafi Ham da aka ce an la'anta, Turai aka ba shi, aka kira ta ƙasar marasa asali. Yafisu aka ba Asiya, Samu aka ba Afirka. Wato a 1486 wannan marubuci bai ɗaura la'anar a kan baƙar fata ba. Shekara 79 bayan haka ga tambarin Hawkins. Wanda ya jera littattafan nan bisa shekarunsu zai ga yadda tunanin ya juya tare da cinikin bayi. Wannan kaɗai ya isa dalilin adana su.

Kuma ba kowa ne ya yarda tambari na 'yan asali ne kaɗai ba. Bartolus, babban malamin shari'a na Perugia da ya rasu a 1357, ya rubuta cewa kowa na iya ɗaukar tambari kamar yadda yake ɗaukar suna, muddin bai cutar da wani ba. A Ingila aka ƙi wannan. An kafa hukumar tambura a 1484, kuma daga 1530 har 1688 sankirori suna zagaya larduna, wanda ya kasa kawo hujja a shelanta a kasuwa cewa shi ba ɗan asali ba ne.

Ustaz Kabiru:
Salamu alaikum. Tun da an taɓo ƙasashen da ba na Turai ba, a tuna cewa Mamalik, bayin yaƙi da suka zama masu mulkin Masar da Sham, suna da nasu tsarin alamomi daga ƙarni na 13 har zuwa 1517 da Turkawan Usmaniyya suka ci Masar. Sai dai ginshiƙinsa daban. Alamar amir takan nuna aikin da ya yi a fada yana saurayi: kofi ga mai shayar da sarki, gidan alƙalami ga magatakarda, takobi ga mai riƙon makamai, sandunan wasan ƙwallon doki ga mai kula da su. Ana ganinsu a fitilun masallatai da kwanonin tagulla da ƙofofin gine-gine a Alƙahira. Mutanen da aka sayo suna yara aka horar ba su da kakan da za su yi tinƙaho da shi, don haka alamar ta aiki ce, ba ta jini ba. Ba a yi musu kundi bugagge a zamaninsu ba. Sai a 1933 L. A. Mayer ya tattara su a littafi a Oxford, daga jikin kayan. Ina ganin wannan ya goyi bayan Malam Habibu ta wani gefe: inda babu kujerar da ake samu da tsufan gida, ba a samu mai ƙago kakanni ba.

Sule Maƙeri:
Mu fa namu sulken? Ina ganin 'yan sulke da 'yan lifida a Hawan Daushe, ina ganin na Gidan Makama. Akwai tsohon littafin da ya zana su?

Dakta Bashir:
Tarihin Kano da H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908 ya ce Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Rubutu ne, babu hoto. Hoto bugagge kuwa, daga cikin tsofaffi akwai na littafin tafiyar Denham da Clapperton da aka buga a Landan a 1826: wani barde na Shehun Borno sanye da sulken zobba, da wani mai mashi na Bagirmi shi da dokinsa cikin lifidi. Amma ka riƙe gargaɗin Hajiya. Zanen matafiyi ne, wani mai ƙwarzane a Landan da bai taɓa zuwa Kukawa ba ya gyara shi don idon masu saye. A 1964 A. D. H. Bivar ya fitar da ɗan littafi kan makamai da sulken Arewa, shi kam kayan ya bi ya duba a fadoji. Aikin da ya rage, na auna zobban nan ɗaya-ɗaya a ga wanne aka dasa da ƙusa, wanne aka matse baki kawai, irinku maƙera ne za su fi kowa iya shi.

Baba Ilu:
Haka ne. Kuma a yi da wuri, tun masu gyaran lifidi na gado suna raye.

Zainabu:
Hajiya, to me ke sa kwafi ɗaya ya fi wani tsada, alhali bugu ɗaya ne?

Hajiya Rabi:
Abu na farko launi. Tambari babu launi rabin tambari ne, inji kuma baƙi yake bugawa. Littafin Konstanz na 1483 da hannu aka bi aka shafa masa launi, don haka ba kwafi biyu da suka zama ɗaya sak, kuma mai shafawa yakan yi kuskure ya ba wani gida launin wani. Kwafin da aka shafa a zamanin bugu ya fi wanda wani ɗan kasuwa ya sa aka shafa a ƙarni na 19 don ya ƙara kuɗi. Ana ganewa ta irin launin da yadda koren ya ci takarda ya fito ta baya.

Johann Siebmacher na Nuremberg, da ya fitar da kundinsa a 1605 da tambura sama da 3,000, ƙananan haruffa ya sa a jikin kowace garkuwa don mai saye ya san launin da zai shafa. Sai a 1638 wani limamin Katolika, Silvester Petra Sancta, ya buga littafi a Rum da tsarin da ya zauna har yau: layuka a tsaye ja, a kwance shuɗi, ɗigo-ɗigo zinariya, fili babu komai azurfa, layuka masu gicciye juna baƙi, a karkace kore ko shunayya gwargwadon inda suka karkata. Duk wanda ya riƙe wannan zai karanta launi a hoton da babu launi.

Na biyu cika. Abin baƙin ciki, littattafan nan an fi kowanne yanka su. Ɗan kasuwa ya ga in ya sayar da hotuna 125 ɗai-ɗai don a rataya a bango zai fi samun riba, sai ya farke ɗinkin. Shi ya sa cikakken kwafi ke wuya. Wani kuma yana da shafin da ya ɓata, a cike da na wani kwafi ko da kwaikwayo. A nan sai a ɗaga takarda a haske a duba alamar masana'antar da ke cikinta. Masu aiki da rubuce-rubucen malamanmu sun san wannan, irin takardar Italiya mai jinjirin wata uku da ta cika kundayen Sakkwato da Borno. In alamar shafi ɗaya ta saɓa wa sauran, an yi dashe.

Na uku, hannun da ya bi. Sa hannun mai shi na farko, ko tambarinsa a bango, ko gyaran da ya yi a gefe. Kwafin Rüxner da wani mai karatu na ƙarni na 16 ya rubuta shakkarsa a gefen shafi, a wurina ya fi mai tsabta daraja.

Malam Habibu:
Na ji duka, kuma na ƙaru da maganar Skanderbeg. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya. Wanda ya karɓi kwalkwali aka gaya masa na wane ne ya rubuta, da wanda ya zauna ya ƙago gasa 14 da sunayen mahayansu, ba ɗaya ba ne. Ina tsoron wannan magana ta cewa kowane littafi shaida ne ta wani abu, kada ta kai mu ga daina kiran maƙaryaci da sunansa. Ɗalibaina in na ce musu haka, abin da za su ji shi ne babu laifi.

Barista Murtala:
Ka kira shi da sunansa Malam, ni ma na kira shi. A kotu ma takardar jabu ba a yar da ita, a cikin fayil ake ajiye ta da lamba, domin ita ce hujjar laifin.

Zainabu:
Ina ne mutum zai ga waɗannan ba sai ya je Turai ba?

Hajiya Rabi:
Ɗakin karatu na jihar Bavaria da ke Munich, wanda ke cikin waɗanda suka fi tara littattafan da aka buga kafin 1501 a duniya, ya ɗora dubban tsofaffin littattafansa a intanet kyauta, haka ma jami'ar Heidelberg. Ki nema da sunan marubuci da shekarar bugu. Rubutun Jamusanci na lokacin mai ƙahonni ne, zai ba ki wuya da farko, don haka ki fara da Siebmacher, kusan duk hotuna ne da sunan gida a saman kowace garkuwa. Malam Sule kuma ya nemi na Schrenck, ya buɗe hoton sosai a kwamfuta ba a waya ba, ya duba mana gwiwoyin da gwiwar hannu ya gaya mana ko za su lanƙwasu.